Ranar da Hulata Ta Tona Mini Asiri

Ko tsufa zai kwashe mini tunani kaf, ba zan taɓa mantawa da bikin Rifkatu, 'yar ƙanena, ba. Ni magini ne a Kagarawal. Makaranta kuwa leƙawa na yi na fito (ni da malamin ne jininmu bai haɗu ba). Amma baki, Allah ya ba ni. In ana neman mai yi wa ango da amarya gargaɗi a ikilisiyarmu, ni ake turawa.

Matsalata ɗaya ce, garin taba. Tun ina saurayi nake shaƙa. In matata, Maman Bitrus, ta yi magana sai in ce, "Ke dai bar ni, Yesu ya 'yantar da ni, kuma hancin nawa ne." Sai ta ce, "To mai 'yanci, me ya sa in battar tabar ta ɓace kake zagaya gida kamar kazar da za ta yi ƙwai?"

Ana nan sai aka sa sunana cikin waɗanda za a zaɓa dattawan ikilisiya. Abin da na daɗe ina so ke nan, har na ɗinka babbar riga. Fasto ya ja ni gefe ya ce, "Baba, tabar nan fa?" Na ce, "Fasto, ta zama tarihi." Ban tsaya nan ba, ranar Lahadi na miƙe na ba da shaida a gaban jama'a, matan zumunta har da guɗa. Kuma na bari ɗin, na 'yan kwanaki. Daga nan na koma a ɓoye.

Maman Bitrus takan laluba aljihuna kamar masu bincike a kan hanya, saboda haka na nemo inda hannunta ba ya zuwa, wato cikin hula. Battar ƙarama ce, in na zaunar da ita a tsakiyar kai na danna hula, shi ke nan. Ranar Lahadi kawai nake barin ta a ramin bulo bayan gida, tunda namiji ba ya shiga majami'a da hula a ka.

Ranar bikin na bar ta ƙarƙashin kujerar babur har aka gama ɗaurin aure. Da aka fito liyafa a fili ƙarƙashin rumfa sai na ce ai nan waje ne, hula ba za ta sauka ba. Na zagaya, na ɗan shaƙa, na mayar da batta mazauninta cikin hula. Garin sauri ban danna murfin da kyau ba.

Aka kira ni babban tebur. Ga amarya da ango, ga Fasto, ga uban ango da ya zo da mutanensa daga Kwadon, ga wata ƙatuwar fanka a bayanmu tana ta aiki. Na karɓi abin magana na buɗe murya.

"Ango, aure kamun kai ne! Wanda ba ya iya ce wa ransa a'a bawa ne, ko ya sa babbar riga. Ku dube ni. Taba ta ɗaure ni shekara da shekaru, yau ina take?"

Aka yi tafi. (Ina take kuwa? Tana bisa kaina tana saurare.)

Fasto ya ji daɗi ya ce, "Tunda Baba ya fara, shi zai rufe mana da addu'a." Maza duka suka kai hannu ka. Ni ma hannun nan da ya saba tun ina yaro bai nemi shawarata ba, ya fizge hula.

Batta ta faɗo kan tebur, ƙwal! Murfi ya yi gabas, ita ta yi yamma, fanka ta ƙarasa aikin. Fasto ne ya fara atishawa, ango ya amsa masa. Amarya ta bi, farin mayafinta ya koma ruwan ƙasa, hawaye na wanke mata kwalliya. Ni kuwa ina tsaye da hula a hannu, na rufe ido, wai addu'a nake.

Uban ango ya ɗauki battar ya sunsuna ya ce, "Kai, surukina, wannan mai kyau ce. A ina kake saye?"

Can daga cikin matan zumunta na ji muryar da na sani: "Baban Bitrus, ci gaba da addu'ar mana. Mai 'yanci, muna jira."

Aka cire sunana daga zaɓe, aka sa ni horo, na koma bencin baya na wasu watanni. Na je wa Fasto da fushi na ce, "Duk ranakun duniya Allah bai ga ta kunyata ni ba sai ranar bikin 'yata?"

Ya ce, "Baba, in ɗan maƙwabci ya yi maka ƙarya, kana ja masa kunne?"

"A'a, nawa nake ja wa."

"To kai ma na gida ne. Kuma ba tabar ce ta kai ka bencin baya ba, shaidar da ka bayar ce."

Na je na roƙi Rifkatu gafara, ta yafe, amma har yau in ta gan ni sai ta toshe hanci ta ce, "Baba, lafiya hular?"

Barin tabar na gaskiya ya ba ni wuya. Na yi ta addu'a, na yi ta tauna citta, na yi faɗa da kowa har da kajin gida, kafin hancin ya haƙura. Dattijo kuwa har yanzu ba a zaɓe ni ba, ni ke jera benci.

Amma na gane 'yancin da nake ta kurari a kai. Ashe da can batta ke tsara mini inda zan zauna da inda zan ajiye babur. Yanzu duk inda aka ce a yi addu'a ni ne farkon cire hula, har in ɗaga ta sama kowa ya gani. Ba komai a ƙarƙashinta sai sanƙo, shi kuwa ba ya sa kowa atishawa.