Tulunan Tsohuwar Cikin Gem

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Yaya Sanusi ya miƙo mini abin latsa gem ba. Shi ne yayan Hauwa'u, yarinyar da nake nema a Gummi, kuma na san abin da ya faɗa wa Innarsu a kaina shi za a bi. Shagon gem gare shi a bayan tasha, talabijin biyu da janareta mai tari.

Gem ɗin daga wani fim aka ciro shi, na jarumi mai takobi da ke yaƙi da dodanni. Na kalli fim ɗin. Jarumin yaro ne mai tarbiyya, har durƙusa wa tsofaffi yake yi. A gem kuwa an lalata shi. Ka latsa ya yi tsalle, sai ya tsaya ya yi shawara tukuna. Ka ce dama, ya je ya rungumi bango. (Na ɗauka ni ne ban iya ba. Ban iya ɗin ba, amma ba ni kaɗai ke da laifi ba.)

Da ƙyar na kashe dodo ɗaya, shi ma na yi istigfari a zuci. Jinin jarumin ya kusa ƙarewa, sai ya faɗa wani gida ba sallama, abin da ya fara damuna ke nan. Ga tuluna jere a tsakar gida, ga wata tsohuwa tsaye tana kallona.

"Hwasa su!" in ji Yaya Sanusi. "Magani na ciki."

"Na wa ne?"

"Mi?"

"Tulunan, Yaya. Ga mai su nan tsaye."

Wani mahaƙin zinariya da ke jiran layi ya sauke raken da yake sha. "Malam, tsohuwar ga ba ta da rai."

"To me ya sa take kallona?"

Na yi ta zagaya ta ina neman maɓallin neman izini. Akwai na sara, akwai na tsalle, akwai na sara mai ƙarfi. Garin lalube na danna wani, jarumin ya ɗaga takobi ya kai wa tsohuwar sara. Takobin ya ratsa ta ya wuce, ko gezau ba ta yi ba (ko wannan ma ba su gyara ba), amma ni na riga na miƙe tsaye.

"Inna, yi haƙuri, wallahi kuskure ne!"

Dodo ya shigo ya gama da ni ta baya. Dariyar da aka yi, har mai shayin waje sai da ya leƙo a maimaita masa.

Na koma gida na fara tsara yadda zan rayu babu Hauwa'u. Da na daure na je zance, ita ta ba ni rahoto.

"Yaya ya ce in dodo ya zo, sai dai in yi ta kaina. Amma tukwanena za su tsufa lafiya."

"Inna fa?"

"Ta ce a Gummi tukwane sun fi dodanni yawa. Ka turo magabatanka."

Abin da na koya shi ne, in dole sai ka ji kunya, ka ji ta a gaban wanda zai kai labarin gida yadda yake. Gem ɗin kuwa har yau ban yarda yana da kyau ba. Wanda ya yi wa jarumi maɓallin sara har iri-iri, ya manta da na sallama, bai taɓa shiga gidan mutane ba.