Na'urar da Ba Ta San Ƙugiya Ba

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ƙarfe goma da kwata na safe, a ɗakin watsa shirye-shirye na ɗan gidan rediyonmu na karkara, tsakanin Magarya da Dungas. Mu huɗu ne a ciki: shugaban gidan, wanda muke kira Direkta, Ramatu, mai kula da na'urori, Malam Laminu, mai gyara da aka kira tun daga Damagaram, sai ni, mai karanta Labaran Rana, rungume da kayena, littafin rubutu mai shuɗin bango. An taru ne a yanke ko Ramatu za ta ci gaba da zama kan kujerarta, ko a mayar da ita teburin karɓar sanarwa a bakin ƙofa. Shekara shida tana kan kujerar nan. Ni na kai ƙararta, a rubuce, shafi uku.

Bari in koma baya kaɗan.

A gidan an san ni da hali ɗaya: kuskuren Hausa ba ya wuce ni. Jan bik, wato jan biro, ba ya barin aljihuna. Kowa yana cewa ordinatar, ni kaɗai nake cewa na'ura mai ƙwaƙwalwa, kuma ko gobara ta tashi sai na faɗe shi cikakke. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sunayen shirye-shiryenmu a cikin na'urar. Duk muryar da aka naɗa ana ajiye ta da suna, kuma ba wanda ke sa wa baƙaƙe ƙugiya. Ƙ ta zama k, ɗ ta zama d, ɓ ta zama b. Shirin Ramatu na tattaunawa, Hira da Baƙi, an rubuta shi "Hira da baki". Na nuna mata. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "To Malam, da me ake hira in ba da baki ba?"

Ban yi dariya ba. (Sauran sun yi.)

Wata Asabar da hantsi, ba kowa a ɗakin, na zauna na bi sunayen nan ɗaya bayan ɗaya na gyara. Wani abokina malamin makaranta a Magarya ya koya mini yadda ake buga baƙaƙe masu ƙugiya, na kuwa buga su har yatsuna suka yi tsami. Na gama, na rubuta doka a takarda na manna a bango: daga yau kowane suna a rubuta shi bisa ƙa'ida. Na tafi gida ina jin na yi wa harshen Hausa hidima. (Ku riƙe wannan Asabar. Ni ban riƙe ta ba.)

Yadda muke aiki shi ne, da safe Ramatu ta jera shirye-shiryen rana a cikin manhajar da ke kunna sauti, ta ajiye jerin, in azahar ta yi manhajar ta ɗauka ta riƙa kunnawa da kanta har la'asar, mu je mu yi salla mu ci abinci. Daga Litinin ɗin sai manhajar ta fara zaɓe. Ta kunna wannan, ta yi shiru na ƴan daƙiƙu, ta tsallake wancan. Hira da Baƙi bai fita ba. Waƙoƙin masu saurare ba su fita ba. Maimaicin Labaran Rana kuwa, shirina, ko sau ɗaya bai yi tuntuɓe ba.

Ba abin da ba mu gwada ba. Mun kashe na'urar mun kunna. Mun canza waya. Mun cire manhajar mun sake sa ta. Direkta ya zargi batiran hasken rana, aka hau rufi aka goge farantin da ke ɗaukar rana. Abin haushin shi ne, in Ramatu ta danna shiri da hannunta yana fita sarai. Sai an bar jerin shi kaɗai yake ɓacewa.

Ni na gano kundin na'urar, wurin da take rubuta wa kanta duk abin da ya same ta, da sa'a da minti. Na buɗe na ga jajayen layuka a jere, duk daga manhajar, duk magana ɗaya da Faransanci: an nemi abu kaza, ba a gan shi ba. Na sayi kaye sabo, na fara kwafewa kullum da la'asar. Ƙarfe biyu da minti huɗu, "Hira da Ba?i", ba a gan shi ba. Uku saura kwata, "Wa?o?in masu saurare", ba a gan shi ba. Na kwafe har alamomin tambayar, don ni ba na rage komai.

Na yi nazari kamar yadda mai hankali yake yi, na kai ga sakamako: ƙwayar cuta ta shiga na'urar tana cinye baƙaƙe. Ta ina ta shiga? Ramatu tana da ɗan kile na USB da take kawo waƙoƙi a ciki daga kasuwar Mallawa. Shirye-shiryen wa suka fi kamuwa? Nata. Na wa ne lafiya lau? Nawa, ni da ban taɓa soka wa na'urar komai ba.

Gaskiya ta sa in faɗi cewa ta yi mini magana. A mako na biyu ta same ni ina kwafa, ta ce, "Malam, ni fa ina ganin tun da aka gyara sunayen nan..."

"Madam Ramatu," na katse ta, da muryar da nake karanta labarai, "rubutu daidai bai taɓa lalata na'ura ba."

Ta ci gaba da bin dokata ta bango, kowane sabon suna da ƙugiyarsa, manhajar kuma ta ci gaba da tsallake su.

Abin ya kai maƙura ranar da Baba Ɗanladi ya sauka daga kabu-kabu a ƙofarmu. Dattijo ne daga wani ƙauye kusa da Mallawa, sansa na huɗa ya tsinke igiya, ya kawo cigiya aka naɗa. Ya tsaya tsakiyar gida, ba ihu, ba zagi.

"Ƴaƴana, kwana uku rediyo na kunnena har batir ya mutu. Na ji farashin wake, na ji wa'azi, na ji wannan mai muryar sau uku." Ya nuna ni da sanda. "Cigiyar sana ce ban ji ba."

Direkta ya ba shi haƙuri, ya sa ni in karanta cigiyar kai tsaye. Na karanta, na kuma ƙara daga kaina cewa jinkirin ya faru ne "sakamakon wani sakaci da ake bincike a kansa". Ramatu tana zaune gabana, hannunta kan maɓallan sauti, ita ke daidaita muryata tana fita. A ranar na rubuta shafi ukun.

To, mu dawo Laraba.

Malam Laminu mutum ne mai furfura a gemu, ba ya gaggawa. Ya saurari jawabina har ƙarshe (minti goma sha biyu, na duba agogo). Ya karɓi kilen Ramatu ya bincika, ya ce ba komai a ciki sai waƙoƙi. Sannan ya miƙo hannu.

"Malam, ara mini kayen nan."

Na ba shi da hannu biyu. Ya buɗe, yana bi da yatsa, yana gyaɗa kai.

"Kai, wannan aiki ya yi kyau. Da kowa na kawo mini irinsa, da ban yi furfura ba."

Na dubi Direkta, don ya ji da kunnensa.

"Ka ce cutar tana cin baƙaƙe," in ji Malam Laminu. "An ce mini kai ne masanin Hausa a gidan nan. Taimaka mini, ni Hausata ta kasuwa ce. Nan, Hira da Ba, alamar tambaya, i. Wane baƙi aka cinye?"

"Ƙ," na ce.

"Nan fa? Alamar tambaya, atan sa."

"Ɓ. Ɓatan sa."

"Nan? Baba, alamar tambaya, anladi."

"Ɗ."

Na faɗe ta a hankali, don a tsakiyar faɗin na fara gane inda ya nufa.

"Ikon Allah," ya ce. "Cuta mai ilimi. Ba ta cin a, ba ta cin m, sai masu ƙugiya." Ya juya ga Direkta. "Ranka ya daɗe, ba cuta ba ce. Manhajar nan tsohuwa ce, waɗanda suka yi ta ba su san ƙ ba. In aka ajiye jeri, duk baƙin da ba ta gane ba sai ta rubuta alamar tambaya a wurinsa. Azahar ta yi, ta je neman Hira da Ba-alamar-tambaya, ta rasa, ta kai kuka kundi, ta wuce gaba. Shi ya sa in an danna da hannu yake fita. Shirin Malam kuwa, Labaran Rana, ba ƙugiya ko ɗaya a sunansa." Ya mayar da kayen shafin farko. "Ga shi ma ya rubuta ranar da abin ya fara, Litinin. Saura mu san wanda ya taɓa sunayen kafin Litinin ɗin."

Ba a buƙaci amsa ba. Takardar dokata tana manne a bango, daidai saitin kan Malam Laminu, da sa hannuna, da kwanan watan Asabar, da jan layi biyu a ƙarƙashi. Direkta ya ɗaga ido ya karanta ta. Malam Laminu ya waiwaya ya karanta ta. Ramatu ba ta duba ba, ta haddace ta.

Shekaru ina magana a gaban makirfo, ban taɓa rasa kalma ba. Ranar na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Amma dai... rubutun daidai ne."

"Daidai ne ƙwarai," in ji Malam Laminu. "Ban ga kuskure ko ɗaya ba."

Direkta ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa suna rawa. Da ya samu numfashi ya ce, "Ramatu, ki yi haƙuri. Kujerarki taki ce."

Na juya gare ta. Na so in tsara jimla mai kyau, ba ta zo ba. Na ce, "Madam Ramatu, kin faɗa mini, na hana ki ƙarasawa. Na kuma ambaci sakaci duniya tana ji. Ki yafe mini."

"Ba komai, Malam," ta ce. "Na yafe. Amma sakacin nan da ake bincike a kansa, masu saurare suna jiran sakamako."

A Labaran Rana na ranar, bayan farashin gero, na sanar cewa an kammala bincike, kuma sakacin na mai karanta muku labarai ne. Ita ta daidaita sautin. Ina zargin ta ɗan ƙara shi.

Malam Laminu ya ce ko a sa sabuwar manhaja, wadda tsohuwar na'urarmu ba za ta iya ɗauka ba, ko a cire ƙugiyoyin. Da yamma na zauna ina cirewa da hannuna, Ramatu na tsaye tana karanto mini daga kayena. Da muka zo kan shirinta na buga "Hira da baki", ta ce, "Yauwa, Malam. Ka ga yadda ya zauna?" Washegari kundin ya wayi gari ba jan layi.

Abin da na koya bai da yawa. In komai ya lalace sai nawa, yanzu ba na ɗaukarsa shaidar tsarkina. Nakan fara tambayar kaina inda nake ranar Asabar. In kuma wani ya fara jimla da "ni fa ina ganin", ina bari ya kai aya.

An samu san Baba Ɗanladi a wajen Dogo-Dogo. Ramatu tana kan kujerarta har yau. Rahotona mai shafi uku ta roƙi Direkta ya ba ta, bayan kwana biyu ta maido mini da shi, ta zagaye wuri ɗaya da jan bik a shafi na biyu. Na rubuta "kwayar cuta", ba ƙugiya.