Ruwa Ya Yi Gyara

Ba zan taɓa mantawa da damunar da aka ɗora ni kan mutane ba, ko da yake na yi ƙoƙarin mantawar. Aikinmu haɗa masu gidajen abinci da dilolin albasa da tattasai ta waya. Ina unguwar Asata a Inugu, ma'aikatan kuwa kowa daga ɗakinsa yake aiki. Ana fara ce mini oga sai kaina ya kumbura, na kafa doka: a taron safe da muke yi ta waya dole kowa ya kunna kyamara in ga fuskarsa. (Ni mai dokar, riga mai guga ce a sama, ƙasa kuwa gajeren wandon barci.)

Kowa ya bi, ban da Baba Sabo da ke unguwar Fegge a Anaca, tsohon dillali wanda ya girmi mahaifina. Kwana da kwanaki muryarsa kawai muke ji. Aikinsa bai ragu ba, amma na ƙudura a raina raini ne, don ya ga ni ɗan jiya ne.

Rannan na tsare shi a gaban samarin da muke aiki tare. "Baba, nan ba teburin mai shayi ba ne. Ko ka kunna, ko ka nemi wani aikin."

Sai ya ce, "To, ranka ya daɗe."

Hoto ya buɗe. Ga shi tsugune a kan tebur, ruwa kamar kunu ya cinye rabin ƙofar ɗakin, tabarma tana yawo. A bayansa iyalinsa ce tsaye kan gado da tukunya a ka. Da ta gane maza ne ke kallonta, sai ta juya ta fuskanci bango.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Bakina kuwa, don ya ƙarasa ni, sai ya ce, "Baba... ina ruwa?"

"Ya yi gyara," in ji shi, ya kashe wayar.

A ranar na soke dokar, amma bai sake shiga taro ba. Na kira, na aika a ba shi haƙuri, ya ce babu komai, ya gode. Abin yana cina har yau.

Na dai koyi cewa mai aiki daga gida, aikin ne nawa, gidan nasa ne. Sai dai da mutuncin dattijo na biya kuɗin wannan karatu.