Ranar da Muryata Ta Riga Ni Isa Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaida surukaina a Mallawa ba, domin ina isa na tarar muryata ta riga ni zuwa garin, ta sha ruwa, ta huta, har ta saba da mutanen gidan.

Lokacin ina koyarwa a wata lekol, wato makarantar boko, a Waca. Sabon mushe ne ni, kamar yadda ake kiran malamin makaranta a wajenmu, ga babbar waya, ga kai cike da karance-karancen yadda mutum zai gyara rayuwarsa. Wani abokin karatuna ya jefa ni cikin wani guruf na waya, na gyaran hali, inda mutanen Magariya da Dungas, har da na ƙetaren iyaka, suke haɗuwa kowa ya faɗi abin da yake so ya canja. Wannan yana so ya bar taba, wancan ya daina makarar asuba, wata kuma tana so ta koyi riƙe harshenta. Yawanci wokal ake turowa, wato saƙon murya, don ba kowa ke rubutu ba. Kuma da wuya ka ga mai sa sunansa na gaskiya.

Ni sunan da na sa wa kaina shi ne Ba Sani Ba Sabo. (Eh, ni na zaɓa da kaina, babu wanda ya matsa mini.) Idan mutum ya kawo kukansa, sauran su yi ta lallashinsa da sannu da Allah ya sauwaƙe. Ni kuwa sai in bari su gama, in yi wani gyaran murya da nake da shi mai kama da tayar da tsohon moto, wato babur, in ce, “To, jama’a,” sannan in sauke masa kwandon magana. Samarin guruf suka dinga turo mini hoton wuta da na tafi. Kaina ya kumbura har na fara sauraron wokal ɗina ni kaɗai ina gyaɗa kai.

Shugabar guruf ɗin, wata dattijuwa da muke kira Hajiya, ta taɓa bi na ta gefe ta ce in riƙa yin sallama kafin in fara faɗa, kuma in tuna ban san wanda ke bayan kowace lamba ba. Na amsa mata cikin ladabin da ya fi rashin kunya ciwo, na ce ai lallashi ne ya hana mutanenmu ci gaba. Ta ce Allah ya kyauta, ta ƙyale ni.

Ana nan sai wani mai suna Bawan Allah ya turo wokal. Hoton farin sa ne a lambarsa. Muryarsa siririya, yana magana yana dariya, ana jin ƙarar kofunan shayi da hayaniyar maza a bayansa. Ya ce tumbi ya yi masa yawa, gwiwoyi na ciwo, ko masallacin unguwa sai a kan moto yake zuwa, shayi mai sukari kuwa ya kasa ragewa, a ba shi shawara. Nan take na yanke hukunci cewa wani saurayin fada ne, irin masu zaman majalisa, da ke wuni gindin butar shayi. Na yi gyaran muryata na danna.

“To, jama’a, mu bar yaudarar kanmu. Kai Bawan Allah, ba ciwo ke damunka ba, lalaci ne. Ajiye moton nan ka taka da ƙafar da Allah ya ba ka. Mutum ya zauna yana ɗura sukari kamar buhu, sannan ya zo yana mana kuka. Wallahi da ina da ’ya, ba zan ba rago irinka ba.”

Hotunan wuta suka zubo. Ni kuma na manta da Bawan Allah.

A daidai wannan lokacin ina neman auren Fassuma, ma’aikaciyar jinya a likitar Waca, wato asibitin garin, ’yar Mallawa. Kawunnaina sun riga sun je an yi maganar manya, saura in je gaisuwa da kaina kafin a sa rana. Mahaifinta kuwa ban taɓa zama da shi ba, ban taɓa jin muryarsa ba, balle in riƙe lambarsa. Kun san kunyar suruki. Sau ɗaya aka nuna mini shi daga nesa a kasuwar Magariya, na faɗa bayan tulin rake na laɓe har mai raken ya tambaye ni ko lafiya. Fassuma ta ja mini kunne cewa Baba mutum ne mai raha, amma abu ɗaya ba ya yafewa, rashin ladabi. Wani da ya nemi yayarta, gaishe shi kawai ya yi daga kan moto bai sauko ba, daga ranar maganar ta mutu. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ai ni nake koya wa yara tarbiyya.

Ranar gaisuwa muka shiga motar haya ni da babban abokina Lawali, da ƙunshin goro. Tun daga nesa da zauren na tuɓe takalma. Na lura da wani farin sa ɗaure a gindin bishiyar bedi a ƙofar gidan, har na ce wa Lawali dubi dabba mai kyau. (Allah ya nuna mini alama ƙarara, ni kuwa na tsaya ina yaba ƙahonsa.)

Muka tarar da Baba da abokansa dattijai a zaure. Na durƙusa can bakin ƙofa, na sunkuyar da kai, na bar Lawali da magana kamar yadda aka saba. Nawa bai wuce “lafiya lau” ba, shi ma a cikin maƙogwaro. Komai na tafiya daidai har Lawali, da iyayinsa, ya ce ai Baba jiki ya yi kyau, kamar saurayi. Wani dattijo ya ce wannan aikin yaron cikin waya ne. Duk suka kwashe da dariya.

Baba ya gyara zama ya fara ba da labari. Yana magana yana dariya, da wata siririyar murya. Tun bai kai ga maganar tumbi ba na gane muryar. Ya ce akwai wani guruf da yake ciki, ya nemi shawara, wani ɗan banzan yaro ya wanke shi tas a gaban duniya. Ya ce ranar ko tuwo bai ci ba don haushi, washegari kuma haushin ne ya tashe shi ya taka har gona da ƙafa. Tun daga nan kullum da safe sai ya kunna maganar, ransa ya ɓaci, ya ɗauki sanda ya fita. Ga shi tumbi ya tafi, gwiwa ta saki.

Sai ya laluba aljihu ya ce bari baƙi su ji.

Ya kunna, ya ƙure sauti. Gyaran muryata ya cika zauren surukina. Abin da ya fi kashe ni, dattijan nan duk sun haddace, suna bi na baki da baki. Da aka zo wurin “kamar buhu” suka faɗa tare, ɗaya har yana dukan cinya. Na saci kallon Lawali, wanda ya san muryata ko a cikin barci, na ga ya cusa bakin rigarsa a baki, kafaɗunsa na rawa, hawaye na zuba.

Baba ya kashe wayar ya ce yaron ya yi masa amfani, wannan ba ƙarya, amma ba shi da tarbiyya ko ta ƙwayar gero, kuma ranar da ya kama shi zai yi masa godiya tukuna, sannan sandar nan ta yi nata bayanin. Ya juyo gare ni ya ce, Mushe, ku da kuke da yara a hannu, me ka gani? Na girgiza kai a hankali cikin takaici, irin na mutumin da lalacewar ’ya’yan zamani ta dama. A raina kuwa lissafi ɗaya nake yi: idan na fita daga zauren nan ban buɗe baki ba, na tsira da Fassuma.

Saura kaɗan in tsira. Sai ga kakar Fassuma ta shigo da ƙwaryar fura, tana dogara sanda. Kun san kaka da mijin jika, abokan wasa ne, ita kaɗai ke da ikon faɗa mini abin da ta ga dama a gidan. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce wannan mijin nata bebe ne aka kawo mata? Ta ce ba za ta yarda ba sai ta ji harshensa, a sa shi ya rufe taron da addu’a. Baba ya ce haka ne kuwa, Mushe, bismilla.

Na yi niyyar siranta murya, in yi ta ƙasa-ƙasa. Amma jiki ba ya manta abin da ya saba. Kafin in ankara tsohon moton nan ya tashi, bakina ya ce, “To, jama’a…”

Hannuwan da aka ɗaga don addu’a suka tsaya a sama. Kaka ta ajiye ƙwarya, ta matso da kunnenta kusa da bakina.

“Sake faɗi, mijina.”

Na ƙara sunkuyar da kai.

“Wannan ai ɗan cikin waya ne,” in ji ta. “Kullum da safe shi ke hana ni barci.”

Lawali ya faɗi kan tabarma. Ni kuwa na yi addu’a mafi gajarta a tarihin Mallawa, na ce Allah ya rufa mana asiri, aka ce amin cikin shaƙewar dariya. Baba kaɗai bai yi dariya ba. Ya dubi sandarsa, ya dube ni, ya daɗe yana kallona har na fara tunanin yadda zan gaya wa kawunnaina.

“Kai ne ka ce da kana da ’ya ba za ka ba irina ba?”

“Baba, a gafarce ni.” Goshina ya kusa taɓa ƙasa.

“To, ni ina da ita.” Ya tsaya, ya kurɓi shayinsa marar sukari a tsanake. “Kuma zan ba ka, don ka faɗi gaskiya. Amma ka tambaye ta, ita ma sai ta gaida mutum kafin ta yi masa allura.”

Sai a lokacin ya saki dariyar da yake riƙewa. Godiyar ya yi mini ita a gaban kowa. Sandar kuma ta yi bayaninta ta wata hanya: ya ce shi zai raka mu tasha, da ƙafa, ta doguwar hanya. Dattijon da na kira rago yana gaba yana zuba sauri, ni mai wa’azin tafiya ina baya ina haki cikin rairayi, yana waiwayowa yana tambayata ko a kirawo mini moto.

An sa rana, an yi biki, kuma har yau a gidan babu mai kirana da sunana, Tojama’a nake. Na roƙi gafarar Hajiya, ta yi dariyar da ta cinye wokal guda. Na canja suna a guruf, kuma yanzu kafin in ba kowa shawara sai na yi sallama, na tambayi gida da iyali, na tuɓe takalma a zuciyata, don duk lambar da ban sani ba ina ɗaukarta ta suruki ce har sai an tabbatar mini ba ita ba ce.

Mutum ɗaya ne bai ji daɗin wannan gyara ba. Kwanan baya na turo wata shawara mai laushi, cike da don Allah da a yi haƙuri, sai ga wokal daga lambar nan mai hoton farin sa.

“Mushe, ka yi sanyi da yawa. Ɗan ƙara wuta, tumbin yana neman dawowa.”