Kifin Suna a Kan Kuka

Wani masunci ne a wani ƙauye kusa da madatsar Goronyo, mutumin kirki, sai dai bakinsa kullum yana riga hankalinsa isa wuri. Matarsa Larai ta haihu, suna ranar Alhamis. Ranar Talata Allah ya ba shi giwan ruwa, wani ƙato, sai da su uku suka kinkimo shi zuwa gida. Ko numfashi bai mayar ba ya buga wa surukinsa Baba Yari waya can Rara.

"Baba, kada ku ci komi in za ku taho! Ɗanyen kihi za a dahwa ranas suna. In kunka ga banda gidana, ku tahi da ɗiyarku!"

Sai da ya kashe waya ya tuna bazara ake, kuma saura kwana biyu cur. Wutar lantarki an manta rabon gari da ita. Ƙanƙara sai Wurno, ita ma kafin babur ya iso da ita ta zama ruwan alwala.

Larai ta ce, "Maigida, ka yanka shi mu yi banda kamak kowa."

"Bayan na yi ma Baba alkawali? Ke mi kinka sani?"

Ya fita neman dabara. A gindin dalbejiya ya tarar da Malam Halliru, malamin firamare, yana nuna wa mutane hoton 'yan sama jannati a waya.

Malam ya ce, "Ku duba wanga. Ya saki cokali, cokali bai hwaɗi ba. Can abu shawagi kawai shikai."

Gogan ya kutsa kai. "Kamag gora bisa ruwa?"

"Kusan haka. Akwai ma wata duniya can, duk girmanta, da za a samu ruwan da zai ɗauke ta, bisa za ta tsaya kamag gorakka. Sanyi kau, akwai inda ruwa ka daskarewa shi hi dutse tauri. Nama sai shi shekara dubu bai yi wari ba."

"Bai yi wari ba? Malam, ina na wurin ga?"

"Sama."

"Sama dai?"

Nan aka kira la'asar, Malam ya tashi alwala, maganar nisa ba a yi ta ba.

Gogan bai damu ba, ai shi ya san sha'anin sanyi. In ka nutsa gaba biyu a dam, ruwan ƙasa har ƙashi yake ratsawa. To in gaba biyu ta ishi ruwa, sama gaba nawa za ta ci? Kukar bayan gari ta yi gaba goma, har da gyara.

Ya kira maƙwabcinsa Ja'afar, suka ɗaura wa kifi igiya. Ya hau, yana ja Ja'afar na turawa, har suka kai shi reshen ƙarshe. Da ya leƙo ƙasa sai gwiwa ta hau kaɗawa, haƙora na haɗuwa.

Ya ƙwala ihu, "Ja'afar! Ya hwara! Wallahi rawaɗ ɗari nikai!"

"To mi as sa zuhwakka ka ɗiga bisa kaina?"

"Raɓa ta, jahili!"

Ya ɗaure kifi tam, ya bar shi a buɗe don sanyi ya shige shi sosai.

Ranar Laraba ya koma dubawa. Shirwa da angulu sun cika reshe, ya ce su ma shan sanyi suka zo, bai ga laifinsu ba. Wari ya doke shi, ya ce na ƙasa ne ke tasowa. Bai ma ƙarasa hawa ba, ya miƙa hannu ɗaya ya taɓa jelar kifi, sai ya ji ta ɗagu sakayau. Daɗi ya kashe shi. Ya sauko ya shaida wa Larai nauyi ya fara tafiya, ta tanadi albasa.

Alhamis da hantsi aka raɗa suna. Mutanen Rara sun cika mota guda, kowa da yunwarsa tun ta jiya. Larai ta ɗora tukunya, mai ya yi zafi. Gogan ya sa babbar riga, ya ja baƙi ɗuu har gindin kuka, ya ce kowa ya matsa kada sanyi ya buge shi.

Ya hau. Can sai ga igiya na saukowa a hankali, da ƙaton kai da dogon ƙashi fes, ko kyanwa ba za ta tsaya a kansa ba. Shi ma ya biyo baya yana share zufa.

Baba Yari ya dubi ƙashi, ya dubi surukinsa, ya ɗaga sanda ya nuna sama, inda shirwa da angulu ke kewayawa da kyar don ƙoshi.

"Ga kihinka can cikin cikkunansu. Larai ta ɗauko kayanta."

Gogan ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallo baki buɗe.

"Allahu Akbar! Kihin da sai da mu ukku munka ɗaga, ga shi can shina shawagi ba ko igiya! Baba, ku ɗan ƙara haƙuri, daskarewa ɗai tar rage."