Ranar Da Na Ɗanɗana Ruwan Kifin Bulus

Ba zan taɓa mantawa da makonni ukun da na yi ina gadin kifi a Manchester ba. Ko na so mantawa, matata ba za ta bari ba.

Lokacin nan ne gwamnati ta tsuke bakin aljihu, hukumar birni ta bi ma'aikatanta da almakashi. Ɗakin karatun unguwar da nake aiki a Birmingham aka wayi gari an garƙame shi, aka sallame ni da takardar godiya da kofin shayi. Na koma gida Sparkbrook na zama kujera ta uku a falo. Ana haka sai ga wayar Bulus, abokina tun sakandare, shi ɗan Jos ni ɗan Zariya, yanzu mai harhaɗa magunguna ne a Manchester. Zai kai iyalinsa gida hutun Kirsimeti.

"Malam, tunda zaman banza kake, zo ka riƙe mini gida. Akwai kifi."

Na hau mota da murna, ina hango firiza cike da tarwaɗa. Abin da na tarar a falo akwatin gilashi ne mai tsawon gadon yaro, shuɗiyar fitila a samansa, injuna a ƙarƙashi suna gurnani kamar ɗakin tiyata. Kifaye bakwai ne a ciki, waɗanda in ka soya su gaba ɗaya ba za su rufe cokalin shinkafa ba. Sauran duk duwatsu ne da wasu abubuwa masu launi suna rangaji.

"Waɗannan furannin fa?"

"Ba furanni ba ne, murjani ne. Dabba ce mai rai."

Na ƙura wa dabbar ido. Ba ido, ba ƙafa, ba wutsiya. (Murjanin da na sani a wuyan kakata yake, kuma bai taɓa neman abinci ba.) Bulus ya nuna mini wani kore mai rassa kamar ƙahon barewa, muryarsa ta yi ƙasa. Tun yana ɗan guntu kamar farce ya samo shi, shekara shida yana renonsa.

"Malam, ko gidan zai ƙone, ka fitar da wannan."

Ya yi awa guda yana bayani, ni ina gyaɗa kai kamar ƙadangare. Abu ɗaya na riƙe: akwai layi a jikin gilashin, in ruwa ya sauka ƙasa da shi, in cika da na jarkokin da ya jera a kicin. Ya kuma manna takarda shafi huɗu a jikin firiji. Shafin farko na karanta kaina ya sara, na ce sauran sai na huta.

Rana ta uku ruwa ya sauka. Na buɗe jarka, hankalina ya ce in ɗanɗana. Salam! Ko ƙwayar gishiri babu. Na tsaya na yi tunani irin na manya: kifin teku ne, teku kuwa gishiri ne, Bulus kuma da gaggawa ya fita, har fasfo ya kusa mantawa. Ashe bawan Allah ya manta bai sa gishiri ba! Na ɗauko na kicin, na zuba hannu biyu, na girgiza, na tuttula. Ranar har ƙirji na buga, na ceci rayuka bakwai da ƙahon barewa.

Haka na riƙa yi kullum. Mako na biyu kifayen suka daina gaishe ni, suka shige bayan duwatsu. Masu rangajin nan suka naɗe kamar laima bayan ruwa. Koren kuwa gindinsa ya fara fari. Na kira Bulus, yana can ƙauyensu inda sai an hau dutse ake samun layi.

"Yaya gishirin?" ya tambaya, murya na yankewa.

"Ina kula da shi sosai."

"Ka auna?"

"Kullum!"

Layi ya katse. Akwai wani abin awo kamar ƙaramin madubin hangen nesa da ya nuna mini. Na leƙa ciki, na ga rabi shuɗi rabi fari, kamar sararin sama. Na juya shi na leƙa ta ɗaya bakin, na ga idona. Na ajiye, na ɗauko ludayi. Ruwan ya yi gishiri, har kunnena ya motsa. To amma nawa ne na teku? Ni ɗan Zariya ne, ban taɓa shan teku ba. Tunda dabbobi na fushi, na ce ƙila bai ji ba ne. Na ƙara.

Ranar da fari ya kai rabin rassan, na ɗauki hoto na tura masa, na rubuta: "Yana canja launi, ko girma yake?" Bai amsa ba. Ashe Maureen ya kira, tsohuwar Baturiyar da ke maƙwabtaka da shi, wadda ta koya masa kiwon, kuma tana da makulli.

Jama'a, da hantsi ne. Ina tsaye a kan kujerar cin abinci, sanye da rigar girkin matar Bulus mai furanni, ledar gishiri a hannun hagu, ludayi a baki. Na ji tari a bayana. Na juyo kumatu cike da teku. Ban iya haɗiyewa ba, ban iya tofarwa ba.

"Ɗana," ta ce da Turancinta na mutanen Manchester, "me kake dafawa?"

Na haɗiye. Har yau ƙodata ta dama ba ta yafe mini ba.

Ta ɗiga ruwan a abin awon, ta leƙa, ta zauna ba tare da an ba ta kujera ba. Ta yi mini bayani sau uku: ruwan ne ke tashi ya bi iska, gishirin yana nan, shi ya sa na jarka ba shi da gishiri, kuma na kicin ma ba irinsa ba ne. Duk yana shafi na biyu. Ni dai ina tambaya, in ruwan gishiri ya tafi, ta yaya zai bar gishirinsa a baya? Da ta gaji, na kira matata in samu mai goya mini baya. Ta saurara tsaf.

"Baban Hanifa, in miya ta daɗe a wuta ruwanta ya janye, gishiri ake ƙarawa ko ruwa?"

"Ruwa... ko?"

"Shekara ashirin kana cin miyata, kake ce mini ko?"

Kwana shida ni da Maureen muna rage ruwan kaɗan-kaɗan, ita tana awo, ni ina ɗaukar bokiti, an hana ni taɓa komai mai murfi. Kifaye bakwai suka rayu. Laimomin suka buɗe. Koren bai dawo ba, ya zama fari fat kamar alli.

Da Bulus ya dawo, ko jaka bai ajiye ba ya tsaya gaban gilashin. Ya naɗe hannun riga, ya ciro mataccen murjanin, ya goge da tawul a hankali, ya miƙo mini.

"Riƙe, Malam. Wannan kam ba za ka iya kashe shi ba."

Wata biyu bai ɗaga wayata ba. Da ya ɗaga, cewa ya yi in zo Ista, amma in ci abinci a kicin, falo ya fi ƙarfina.

Abin da na koya shi ne, mutumin da bai taɓa tsayawa kan tukunya ba, kada ya ɗauki ludayi a gidan mutane. Yanzu duk Asabar ni ke kaɗa miyar kuka a gidanmu, matata na zaune a bayana da gishirin a cinyarta.