Gyaɗa Bakwai a Bakin Riga

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, a kakar gyaɗa, lokacin ina malamin asibiti a wani ɗan ɗakin shan magani na En'e, wato hukumar gargajiya ta wancan zamani, tsakanin Gwarzo da Kabo. Ni kaɗai ne a wurin: ni ne mai allura, ni ne mai wankin gyambo, ni ne mai shara. Duk wannan bai gajiyar da ni kamar jira ba. Sai ka ce wa mutum ya dawo rana ita yau a ƙara masa allura, ya ce, "To, Allah ya kai mu," shi ke nan sai ciwo ya dawo sabo za ka sake ganinsa. Na rubuta rana a kati, aka naɗe taba da katin. Na yi faɗa har muryata ta dishe.

Wadda ta fi shan faɗana wata tsohuwa ce daga Mainika, Inna Kande, mai gyambo a ƙauri. Da ya fara kamewa sai ta ɓace mako uku, ta dawo yana wari. Rannan a gaban jama'a na ce mata in ta sake saɓa rana, Kano za a kai ta a yanke ƙafar (gaskiya ce, amma da gadara na faɗe ta). Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, kwanakin ne duk kamarsu ɗaya."

Maganar ta tsaya mini a rai, har dabara ta faɗo. Duk wanda zai dawo, in ƙirga masa ƙwayar gyaɗa bakwai ya ƙulle a bakin zane ko riga. Kullum bayan sallar Asuba ya ci ɗaya, ranar da ya ci ta ƙarshe ya kamo hanya. Ran Laraba na raba wa kowa, ina ta cika baki wai wanda ya saɓa kada ya kuka da kowa. (Ashe wasu sun ɗauka gyaɗar ma magani ce, ko jika ba a ɗanɗana wa ba. Ni kuwa ban gyara musu ba.)

To ni ma ina da 'yar gona a Gammo. Ruwa ya ɗauke, ƙasa ta fara tauri, in ban cire gyaɗata ba rabi a ƙasa za ta tsaya. Da mako ya zagayo, wana ya haɗa mini gayya, na danna wa asibiti kwaɗo da sassafe na haye keke. Wallahi ko ranar ban tuna ba. Da na tuna ma cewa zan yi, wa zai zo ana tsakar kaka?

Hantsi ya dubi ludayi, ina duƙe, wando naɗe har gwiwa, baki cike da ɗanyar gyaɗa, sai na ji 'yan gayya sun yi tsit. Na ɗago. Majinyatana ne reras a bakin gona, mai tari, mai ɗingishi, mai goyo. Sun tarar da ƙofa a kulle, wata maƙwabciya ta faɗa musu inda nake. Inna Kande ce a gaba bisa jakin aro, tsumman ƙafarta ya jiƙe.

"Sannu da aiki, Malam. Ina gajiya? Ya iyali? Ya amfanin gona?"

Na kasa haɗiyewa, na kasa tofarwa. Ta kwance bakin zanenta ta nuna mini wayam.

"Yau da asuba na cinye tawa. Ko ƙirgan na ɓata?"

"A'a, Inna, daidai ne."

Wana ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Na ji kamar in tone rami in shige. Ita ko murmushi ba ta yi ba. Ta sa aka miƙo mata tushe guda, ta ɓare bakwai, ta ce in matso, ta ƙulle mini su a bakin riga.

"Laifinmu ne, ɗan nan," ta ce. "Ka ba kowa, kai ba wanda ya ba ka."

Haka na turo keke a bayan jakinta har asibiti. Ƙafar dai ta warke, Alhamdulillahi, don Inna ba ta ƙara saɓa Laraba ba. Ni kuwa na zama mai dokar barcin da ya ɓuge da gyangyaɗi. Shekaru bayan nan, in na shiga kasuwar Gwarzo sai na ji wani ya ɗaga murya, "Malam, saura nawa?" Tun daga ranar, in zan raba wa mutane gyaɗa, tawa nake fara ƙirgawa.